Fulogi Takwas

Shekara tara ina auna riɗi a Tudun Hatsi,
buhu na shiga, buhu na fita,
ina ƙulle 'yar riba a gefe
saboda wata ƙara da na taɓa ji.
Wani dare ne a hanyar Kumo,
wani baƙin abu ya wuce ni da gurnani
har hanjin cikina ya amsa.
Ban ga fuskar direban ba.
Tun ranar sautin nan yake bina bashi.

Yau ga ni a filin Babayo dillali, can Tumfure,
su biyu a jere ƙarƙashin rumfar kwano.
Ɗaya ja, ƙofa biyu, doki a goshinta,
ta durƙusa kamar mai shirin tsalle.
Ɗayar ruwan toka, ƙofa huɗu, faffaɗan ƙirji,
shekaranjiya ta iso daga Kwatano, in ji shi.

Ya murɗa makullin jar.
Tantabarun kan rumfa suka watse,
mai shayi ya tsaya da kofi a sama.
"Fulogi takwas," ya ce yana shafa ta,
"irin wannan ba a sayenta da lissafi."

To amma na zo da Yila, bakanikena,
mutumin Billiri, dariyarsa tsada gare ta.
Ko kallon fenti bai yi ba.
Ya kwanta a ƙasa, ya zura hannu
tsakanin cikinta da turɓaya,
ya tashi yana nuna mini yatsu huɗu.
"Kunya nawa aka yi wa titi daga gidanka zuwa kasuwa?"
Na ƙirga. Sha ɗaya,
ban da kwatar nan ta Bolari da damina ke ci.
"Kowace sai ta cire zakkarta," ya ce.
"In ƙafa ta lalace, sai an aika Legas.
Mai kuwa, raƙumi ne ya ga rijiya."

Sai na tuna gwiwar Dada.
Duk Talata asibiti.
Yaya zan karya kujera in ce ta sunkuya ta shige baya,
matar da tashi daga tabarma ma sai an kama ta?
Na tuna Hajjo da jakar makaranta,
da buhun masarar da nake kai wa ƙanwata Pantami.

Zuciya ta ce ja.
Aljihu ya yi shiru, irin shirun da na sani.

Na ce a tayar da mai ruwan tokar.
Fulogi shida. Ba ta kori tantabara ko ɗaya ba,
amma akwai wani abu can ƙasan maƙogwaronta,
kamar dattijo ya yi gyaran murya
yara suka nutsu.
Na fita gwaji. Shataletale, danja,
cunkoson bakin tashar Dukku.
Mai adaidaita ya wuce ni ta dama,
ni da dawakai ɗari uku a tafin ƙafata
ina bin bayan mai kurar ruwa.
Na yi dariya ni kaɗai.

Babayo ya ce albarka sau uku,
a na huɗu ya miƙo hannu.
Jar na bar ta nan, ban waiwaya ba.
Ƙarya nake. Sau biyu na waiwaya.

Yanzu kullum bakwai da kwata
ina karkata ta a kan kowace kunya,
ƙafa ɗaya, sannan ɗaya,
kamar mai ratsa sahu a masallaci.
Dada kan ce, "Wai motar nan taka, me take gunaguni?"
Hajjo kan ce, "Baba, taka ta!"
Ba na takawa.

Sai daren Asabar, in gari ya kwanta,
nakan sauke gilashi bayan an wuce Mil Shida
in bar ta ta faɗi abin da ke ranta,
minti biyu, ko uku.
Rabin bashin ke nan na biya.
Saura rabi, sai riɗi ya yi daraja.